Masu bincike sun shigo zango: tambayoyin da kuke yawan yi min

Salamu alaikum jama'ar zango. Ni haifaffen Aboabo ne nan Kumasi, kuma na daɗe ina bin masu bincike lungu-lungu ina yi musu tafinta, yau 'yan jami'a, gobe ma'aikatan lafiya, jibi wasu baƙi daga Turai da ba su san bambancin koko da kunu ba. To da yake an saba ganina da su, duk inda na zauna sai an tare ni da tambaya, a bes ne ko wajen suna ko bayan an sakko Juma'a. Wasu na amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya kowa ya karanta. Ni ba dokta ba ne, ba kuma lauya ba, ɗan tafinta ne kawai da ya ga abubuwa.

Wai me ake nufi da a sa jama'a cikin bincike? Ba da ma mu ake tambaya ba?

A tambaye ka daban, a sa ka ciki daban. In mutum ya zo da tabulet ɗinsa ya karanto maka tambaya arba'in ka ce e ko a'a ya tafi, ba a sa ka ba, an dai ɗebi abin da ke bakinka. Sa ka ciki shi ne tun kafin a rubuta tambayoyin a zauna da ku a ce me ke damun unguwar nan, wace tambaya ce za ta yi ma'ana, wa ya kamata ya shiga gidajen mata, sannan in an gama a dawo a faɗa muku abin da aka gano ku ce e haka ne ko kuma a'a kun yi kuskure.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru a gabana. Wasu da ba zan kama sunansu ba sun kawo fom, a ciki akwai tambaya wai "gidanku akwai bayan gida?" sannan "waye mai gida?". To gidan haya ne mai ɗaki sha huɗu, iyali wajen goma, tsakar gida ɗaya, fanfo ɗaya, mai gidan kansa ya rasu tun tuni magada suna Nima. Duk wanda muka tambaya sai ya ce e akwai bayan gida, don a ransa na bakin titi yake nufi wanda ake biya a shiga, wasu kuma kunya ce kawai, wa zai ce wa baƙo gidanmu babu? Muka yi kwana uku muna cika ƙarya a fom ba mu sani ba, sai da wata Hajiya mai sayar da waakye ta ce min, kai ɗana, ku tambaye su da dare ina yara suke zuwa mana. Tambaya ɗaya ta rusa aikin kwana uku. Da an zauna da irinta awa ɗaya tun farko da ba a yi wannan asarar ba.

Su waye ma suke yin binciken nan a Gana?

Suna da yawa. Nan Kumasi akwai jami'ar KNUST wadda muke ce wa Tek, a cikinta akwai cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da aka kafa a 1997 tare da Jamusawa, akwai kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye, Gee ke nan. A Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) akwai cibiyar Noguchi a Legon tun 1979, sunan wani likita ɗan Japan aka sa mata wanda cutar shawara ta kashe shi a garin a 1928 yana cikin binciken cutar. Hukumar lafiya ta ƙasa tana da cibiyoyi uku, Navrongo da Kintampo da Dodowa. Ta fannin zamantakewa kuma akwai hukumar ƙididdiga, su ne suka yi ƙidayar 2021 da aka samu mutum miliyan 30.8, akwai Afrobarometer masu tambayar ra'ayin jama'a kan mulki, sai ɗalibai masu rubuta furojet waɗanda su ne suka fi yawa kuma su ne suka fi saurin ɓacewa.

Kullum zuwa suke su yi tambaya su tafi. Me muka taɓa samu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai don akwai gaskiya a cikinta. Gotar Aboabo an ɗauke ta hoto ya fi a ƙirga, har yanzu in ruwa ya sauka sai mun kwashe katifa. Mutanen Agbogbloshie kuwa, wajen bolar kayan lantarki a Ankara, kafin a rushe wajen a 2021 sun ga masu kyamara da masu ɗiban jini da ƙasa har sun haddace tambayoyin. Ba zan kare wannan ba.

Amma kar mu ce duka banza ne. Jan ko shuɗin kafson bitamin A ɗin nan da nas ke matsa wa yaro a baki wajen awo, daga cikin abin da ya tabbatar da amfaninsa har da wani bincike da aka yi a yankin Navrongo wajen 1989 zuwa farkon shekarun 1990, yara sama da 20,000, aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 19 cikin 100. Rigakafin zazzaɓin sauro na RTS,S, iyayen Agogo da Kintampo suna cikin waɗanda suka ba da 'ya'yansu aka gwada, a 2019 aka fara bayarwa a wasu yankunan Gana tare da Kenya da Malawi, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗaɗa. Gwajin sikila ga jarirai tun ranar haihuwa nan Kumasi aka fara shi a 1995 ƙarƙashin marigayi Farfesa Ohene-Frempong, kuma mu da auren zumunci ya yi wa yawa mun san me sikila take yi wa gida.

Matsalar ita ce amfanin yakan zo bayan shekara goma ta wata ƙofa, ba wanda ya dawo ya ce Hajiya, kin tuna tambayoyin nan? ga abin da suka haifa. Don haka duk wanda ya zo muku, kafin ku amsa ko ɗaya ku ce masa yaushe za ka dawo ka faɗa mana sakamako, a ina, da wane yare. In ya fara kame-kame kun san irinsa.

Jinin da suke ɗiba fa? An ce sayarwa ake yi ko a yi tsafi da shi.

Na ji wannan har daga bakin 'yan boko. Abin da na gani da idona, yawanci ɗigo ne daga yatsa ko kuma kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu daga jijiya, babban mutum kuwa jinin jikinsa ya kai lita biyar. Ana sa shi a ƙaramar kwalba da lamba maimakon suna, a kai lab, wani a ajiye a firiza. Ban taɓa ganin tsafi ba.

Amma kar a raina mai tsoron. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, me za a auna a ciki, za a faɗa min sakamako, za a fitar da shi ƙasar waje, shekara nawa za a ajiye, kuma za a iya yin wani bincike daban da shi nan gaba ba tare da an sake tambayata ba? Duk wannan ya kamata ya kasance a takardar yarda. Wani lokacin akwai gurbi daban da za ka ce na yarda a auna yanzu amma ban yarda a ajiye ba, mutane ba sa lura da shi saboda ana karanto musu da sauri kamar mai kiran fasinja a tashar Kejetia.

Ai mun ji abin da aka yi wa yara a Kano. Me zai hana a yi mana?

Ba jita-jita ba ce. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran kuma ya bi ƙa'ida, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Abin bai tsaya nan ba, a 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi wannan tabon yana cikin abin da mutane ke tunawa, cutar kuma ta bazu ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita har da Gana. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ke tsakaninmu da irin wannan yanzu, gwajin magani ko rigakafi ba ya halatta sai hukumar FDA ta Gana mai kula da abinci da magunguna ta amince ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, sannan kowane bincike a kan mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'a, wato masu duba ko binciken zai cutar da mutane, hukumar lafiya tana da nata, Tek tana da nata, Noguchi ma haka. Takarda ce dai, mutane ne ke aiki da ita, mutum kuwa ajizi ne. Shi ya sa nake ganin babban katanga shi ne unguwar da ta iya tambaya.

In hukuma ta riga ta amince, mene ne na wahalar tara jama'a?

Ku tambayi mutanen Hohoe. A 2015 aka shirya gwajin rigakafin Ebola a can, takardun hukuma sun cika, amma jama'a a rediyo suka fara jin labari, ga maganar za a ba mutum sidi 200 da wayar hannu, ga shi ba a taɓa samun Ebola a Gana ba, sai magana ta zama wai za a kawo cutar a sa wa mutane. Majalisa ta ɗauki zafi, ma'aikatar lafiya ta dakatar, kafin ƙura ta lafa lokaci ya wuce, gwajin bai yiwu ba. A Navrongo kuwa tun da daɗewa sai an je gaban sarki an tara gari an buga ganga an yi bayani kowa ya yi tambayarsa kafin a taɓa ko yaro ɗaya.

Sarkin zango da liman sun yarda, an yi sanarwa a masallaci. Dole ne in shiga?

A'a. Yardar sarki ta buɗe ƙofar unguwa ce, ba ƙofar ɗakinka ba. Kuma ko ka fara kana iya tsayawa a tsakiya ba sai ka ba da dalili ba, ba kuma wanda zai hana ka magani a asibiti ko ya taɓa katin inshorarka don ka ƙi.

Haka nan ga iyayenmu mata. Shawara da maigida abu ne mai kyau kuma yawanci shi ke kawo zaman lafiya, amma shi ba zai sa hannu a madadinki ba. In kuma tambayar ta shafi haihuwa ko abin da ke tsakanin miji da mata kina da damar cewa mace nake so ta tambaye ni, kuma ba a tsakar gida gaban kishiya da 'yan haya ba.

Ni ban yi sukul ba, ya zan san abin da ke takardar?

Nan ne aka fi cutar mu. Sau da yawa takardar Turanci ce, in an yi ƙoƙari a fassara ta zuwa Twi, wai ai Kumasi ne. E muna jin Twi na kasuwa, amma Twi na cinikin tumatir daban, Twi na bayanin illar magani daban. Ka ce a yi maka da Hausa, ko Dagbani ko Frafra ko duk yaren da kake mafarki da shi. In dangwale za ka yi, ƙa'ida ita ce a samu shaida wanda ba ɗan tawagarsu ba ne, ɗanka ko maƙwabcinka mai karatu, ya ji bayanin ya sa hannu. Ni tafinta ban cancanci zama shaidar ba don su ke biyana. Kuma a bar maka kwafi ka tafi da shi gida, ba laifi ba ne ka ce sai gobe.

To yara kuma fa? Yaro me ya sani da za a ce ya shiga bincike?

Malam, yaro ya san abin da ni da kai muka daina gani. Wa ke zuwa zubar da bola? Wa ke ɗibar ruwa, wa ake aika sayen gawayi ta bayan layi, wa ke wasa a bakin gota? Akwai lokacin da muke zana taswirar inda ruwa ke fara shiga in an yi ambaliya, manya suka yi ta musu a kan benci, wani yaro da bai wuce shekara sha ɗaya ba ya ja hannuna ya kai ni bayan wani kiyos ya nuna min inda robar fiya wata ke toshe wani ƙaramin kwalbati, ya ce daga nan yake juyawa ya shiga gidan su wane. Da aka yi ruwa na gaba na je na tsaya da lema. Haka ne kuwa.

Ta fuskar doka ma, yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, Gana ce ƙasa ta farko da ta tabbatar da ita a 1990, kuma sashe na 12 ya ce yaro yana da haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi a kuma saurare shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne.

Sai dai akwai sa yara na gaskiya akwai na ado. Wani masani Roger Hart a 1992 ya kwatanta abin da tsani mai matakala takwas, uku na ƙasa ya ce ba shiga ba ce sam. Mun san su ai, a ɗinka wa yara riga mai tambari, a ba su kwali su riƙe, a ba yarinya ɗaya jawabin da babba ya rubuta ta haddace ta karanta gaban baƙi a tafa, a raba ruwan leda da biskit. Ka tambayi yarinyar me aka canza saboda maganarta, babu.

Uba ya sa hannu amma yaron ya ce ba ya so. Maganar wa za a bi?

A bincike, ta yaron. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi don mu a gidajenmu yaro ba ya musu da babba, kuma wannan tarbiyyar ce ma take sa abin ya yi wuya, yaro zai sunkuyar da kai ya yi shiru a rubuta ya yarda. Shiru ba yarda ba ce. Ana neman abu biyu, izinin iyaye da kuma amincewar yaron in ya kai ya fahimta, a yi masa bayani da kalmomin da zai gane, za a soka maka allura, za ta yi zafi kaɗan, in ba ka so ba wanda zai yi fushi. Ku lura, bincike nake magana, ba magani ba. Yaro mai zazzaɓi da ya ƙi allurar likita wannan wani zance ne daban.

Ni in na ga yaro yana kallon ƙasa yana murza gefen riga nakan ce wa baban, Alhaji ɗan ba mu wuri, sai in tambaye shi a gaban wata babbar mace ta gidan. Ba a keɓewa da yaro a rufe ƙofa, ko waye kai, ko daga wace jami'a.

Yaran makarantar allo da iyayensu ke arewa, da 'yan mata kayayo masu dako a kasuwa, wa zai sa musu hannu?

Wannan mai wuya ce. Malam ko hedimasta zai iya ba da izinin a shiga makarantarsa amma wannan bai mai da shi uban kowa ba, sai in shi ne ainihin mai riƙon yaron. Yanzu da waya ta wadata a nemi iyaye mana. Su kuma kayayon Kejetia da Adum da yawa ba su kai 18 ba kuma ba kowa nasu a kusa, in aka ce sai da sa hannun uba to an cire su ke nan daga duk wani bincike, su da suka fi kowa buƙatar a ji halinsu. Kwamitin ɗa'a ne ke yanke yadda za a yi a irin wannan, ba mai binciken ba shi kaɗai, sau da yawa ta hannun shugabanninsu mata ko jami'an jin daɗin jama'a. Abin da na tsana shi ne a tare yarinya da kwano a ka, a cinye mata awa guda na neman kuɗi, a ɗau hotonta tana barci a bakin shago, a ba ta komai babu.

Ana biya?

Kuɗin mota da na ɓata lokaci, e, ya dace. Sabulu, kati, ɗan abin sha. Amma in kuɗin ya yi yawan da zai sa ka yarda da abin da da ba za ka yarda ba, tsaya ka sake tunani. In kuma kai aka ce ka biya kuɗin rajista, ɓarawo ne.

Sunana da hotona da sirrina, ina za su?

Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, da hukumar da ke kula da ita. A taƙaice sai da yardarka za a karɓa, a faɗa maka don me, kar a yi wani abu daban da shi. Masu ƙidaya ma doka ta hana su ba wani bayanan gidanka, lissafi ake fitarwa ba sunaye ba, kuma kowa ake ƙirgawa ɗan ƙasa da baƙo. Na san dalilin da ya sa dattawanmu ke ɗari-ɗari da duk mai tambayar "asalinku ina ne", wanda ya ga 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi ba zai manta ba. Amma in muka ɓuya ranar ƙidaya, ranar rabon makaranta da kilinik da fanfo ma ba za a gan mu ba.

Lambar sirrin Momo, asusun kuɗinka na waya, ba mai binciken da ke buƙatarta. Hoton Ghana Card ɗinka ma ka tambayi dalili sosai. Hoton yaro kuma sai da izini na daban, a faɗa maka ko Facebook za shi ko rahoto.

Mu da kanmu za mu iya yin bincike, ba sai an zo mana ba?

Sosai ma, kuma wannan ne ya fi burge ni. Old Fadama a Ankara, tun 2002 ake yi musu barazanar tashi, ana kiran wajen da sunan banza, kowa na faɗin adadin da ya ga dama. Sai mazauna wajen suka haɗa kai da ƙungiyar People's Dialogue da tarayyar talakawan birni suka ƙirga kansu da kansu ɗaki-ɗaki, a 2004, suka sake, a 2009 suka samu kusan mutum 80,000, da sana'ar kowa da inda ya fito. Daga nan in an zauna da hukuma ba kuka kawai suke kawowa ba, takarda suke ajiyewa a tebur, ku ce mana ina za ku kai mutum dubu tamanin. Ban ce ya hana komai ba, bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 an rushe wani ɓangare. Amma ya canza yadda ake magana da su.

Haka kuma 'yan sa-kai masu kwashe roba a bakin teku suna ƙirga abin da suka kwasa, hukumar ƙididdiga ta karɓi lissafinsu ta sa a rahoton ƙasa na muradun ci gaba. Aikin 'yan sa-kai ne ya shiga takardar gwamnati.

In ka duba ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Duban watan azumi fa? Jama'a da yawa a wurare daban-daban su sa ido, wanda ya gani ya kawo shaida, a tantance shi, a tara, sannan a yi sanarwa. Tsarin ke nan.

Ni malama ce, makarantarmu ba lab ba komai. Me zan yi da yara?

Malama, robar ruwan Voltic ɗaya ta isa a fara auna ruwan sama. A yanke samanta a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa a gindi har inda jikin robar ya miƙe, a manna rula daga nan, a ajiye a fili nesa da indararo. Kullum da safe lokaci ɗaya yaro biyu su karanta su rubuta su zubar da abin da ya ƙaru. Kumasi damina biyu muke da ita, babba da ƙarama, a shekara ɗaya yaran za su gan su a littafinsu da hannunsu, kuma in suka haɗa da ranakun da ruwa ya shiga gidaje za su iya ce wa asambuliman, wakilin unguwa a ƙaramar hukuma, daga milimita kaza muke fara kwashe kaya.

Sauro ma. Ku bi unguwa da ludayi da farin kwano ku duba tsutsarsa. Wadda ke kwance a saman ruwa a miƙe ita ce ta Anofilis mai kawo zazzaɓi, galibi a ɗan kududdufi mai ɗan haske da rana ke bugawa, wadda ke rataye kai ƙasa kuwa ta sauran ce, na baƙin ruwan gota da na cikin tsohuwar taya. Yara na son wannan ba kaɗan ba. A sa takalmi, a wanke hannu, kar kowa ya shiga gota.

A ƙirga angulu a kusa da mayanka sau ɗaya a wata. Da suna ko'ina har mun raina su, tun 2015 aka sa irin namu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, ku tambayi mahauta tsofaffi za su ba ku labari. Jemagun gidan zu kuwa a kalle su daga nesa da magariba in sun tashi, ba a taɓawa.

Wanda na fi so dai shi ne na tarihi. Kowane yaro ya je wajen kakarsa da tambaya biyar da ajin ya tsara da kansa, daga ina kakanninmu suka zo, ta Salaga ko ta wata hanya, fataucin goro ne ko soja ko karatu, wa ya tafi a 1969 wa ya dawo. Amma ya fara da neman izini, Kaka kin yarda in rubuta, kin yarda in karanta a aji, akwai abin da ba kya so a faɗa? Ka ga ya koyi takardar yarda ba tare da ya ga takarda ba. Wasu gidajen har da tsofaffin rubuce-rubucen ajami a cikin adaka, irin waɗanda jami'ar Legon ta tattara a shekarun 1960, a ɗau hoto a mayar wa mai shi, kar a karɓe.

Sharaɗi ɗaya, in an gama yaran ne za su tsaya gaban iyaye su faɗi abin da suka gano, ba ke ba, ko da za su yi in'ina.

Ya zan gane na ƙarya, kuma in an cuce ni ina zan kai ƙara?

Na gaskiya yana da katin shaida, yana da takardar amincewar kwamitin ɗa'a, ya bi ta wajen sarki ko asambuliman, kuma ba ya jin haushin tambaya. A ƙasan takardar yarda za ka ga lambar waya biyu, ɗaya ta shugaban binciken, ɗaya ta kwamitin da ya amince, ta biyun ita ce ta ƙara. In gwajin magani ne FDA ma tana karɓar koke, in bayananka aka watsa akwai hukumar kare bayanai, in kuma yaro aka ci wa zarafi wannan ya wuce maganar bincike, sashen DOVVSU mai kula da cin zarafin iyali na 'yan sanda za ka nufa. Ka kira lambar tun suna zaune a tsakar gidanka ma in kana so, ka ji ko tana shiga. Wata tsohuwa a Asawase ta taɓa sa ni na kira a gabanta na sa a sifika, sai da ta ji muryar mace ta amsa ta gaishe ta da Twi sannan ta ce to, a ba su kujera.